Babin Ƙarshe a Ƙofar Bulama

Garin Bunu, ta Guri

Zuwa ga Kawu Abdulmannan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Iya da duk mutanen gida. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Abin da na faɗa a waya ne ya jawo mini abin da nake ciki, shi ya sa na koma biro.

Ka tuna littafin nan na mutumin Asiya da ka fassara wa 'yan zauren karatunku na Hadejia, ka ba ni kwafi? Na garuruwa biyu a bakin kogi ɗaya, inda mai garin sama ya sa aka fasa jinga a ɓoye, ruwa ya bar gonakinsa ya cinye na garin ƙasa. Na fara karanta wa matan ajin yaƙi da jahilci babi-babi, ina ɗauka a waya saboda waɗanda ba su zo ba. Sunayen mutanen sun ƙi zama a bakin matan, sai na yi yadda muke yi a tatsuniya: mai garin na kira shi Bulama, mai kula da kamun kifi na ce Sarkin Ruwa.

Kawu, ka san bara jingarmu ta ɓalle ta wajen Garin Kolo, shinkafarsu ta nutse, tamu ta tsira. Saƙonnin muryar sun fita daga aji sun shiga kasuwar Guri, kuma an yanke farkon da na ce littafi ne. Yanzu a Garin Kolo cewa ake Malama ta tona asirin Bulama Bunu. Wani manomi, Adam, wanda bai tsira da ko dami ɗaya ba, shi ke tara matasa suna saurare a gindin tsamiya.

Saura babi na ƙarshe. Ka san me ke ciki: ƙona gidan mai gari. Ni kuma a gidan Bulama aka sauke ni tun da aka turo ni koyarwa, ɗakina na jingine da rumbunsa.

Ina neman izininka in canza ƙarshen. In sa dattawa su shiga tsakani, a yi sulhu, a tashi da addu'a. Babu wanda zai sani.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Saudatu

*

Hadejia

Zuwa ga 'yata Saudatu,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, mun gode Allah da kike lafiya. Iya ba ta san komai ba, kuma ban yi niyyar sanar da ita ba tukuna.

Ban yarda ba. Ga dalilaina.

Cewa babu wanda zai sani ba gaskiya ba ne. Kwafin fassarar yana hannun duk 'yan zaurenmu, kuma Usaini, mai sayar da maganin gona, yana cin kasuwar Guri kowane mako. Ranar da aka gano kin gyara ƙarshe, za a ce Bulama ne ya saye ki, kuma duk abin da kika karanta a baya zai ƙara zama gaskiya a kunnensu.

Canjin farko ne ya kawo ki nan. Marubucin ya bar mutanensa da sunayensu ne domin mai karatu ya tsaya daga nesa ya dubi abin, kafin ya gane kansa a ciki. Ke kin ɗauke nisan. Ba faɗa nake miki ba, amma kada ki yi maganin canji da wani canjin.

Mun yi gardama a kan babin nan a zaure. Usaini ya ce marubucin matsoraci ne, ya kunna wuta sannan ya jawo ruwa ya kashe ta don kada gwamnatinsu ta kama shi. Malama Halimatus Sa'adiya ta ce masa, "Kai dai wutar ka karanta ka rufe littafin, irin mai cin tuwo ya bar miya." Ta ce babin ba na ƙona gida ba ne, na abin da ya biyo baya ne: ruwa ya dawo, babu mai kiran gayya a gyara jinga, ya ci garuruwan biyu. Ni da na kwana biyu ina juya jimlolin nan, ina ganin ita ce da gaskiya.

Ki ɗauki kwafin ki je Garin Kolo da rana, ki nuna musu sunan marubucin da ƙasarsa. Ki dakatar da karatun. In kin ga abin ya ƙi, ki shigo mota ki taho gida.

Allah ya tsare.
Kawunki, Abdulmannan

*

Garin Bunu

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Na yi yadda ka ce, kuma abin ya ƙara lalacewa.

Na je da littafin. Adam ya juya shi, ya dubi hoton marubucin, ya ce, "To Malama, in mutumin Asiya ne, wa ya gaya masa jingarmu ta kusa da ciyawar kacalla aka fasa?" Na ce a ko'ina jinga ta wajen ciyawa take da rauni. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ke ma kin san wurin." Da na ce na dakatar da karatu, kafin in iso gida labari ya riga ni cewa Bulama ya rufe mini baki.

Mai sayar da fetur a bakin tasha ya gaya wa wata ɗalibata, 'Yar'azumi, cewa matasan Garin Kolo sun sayi mai a jarkoki, kuma ba su da injin ban-ruwa. Kogi yana ta cika. Ɓarakar bara buhunan ƙasa kawai aka jera mata, ba a yi gayyar gyara ba bana, domin garuruwan ba sa gaisawa.

Kana maganar nisa, Kawu. Kai kana da shi, kana zaune a Hadejia da shayinka kuna muhawara. Ni katangar kara ce tsakanina da rumbun da ake maganar ƙonawa. Kuma ba zan taho ba. In na gudu, shaida ce ta uku.

Jiya Bulama ya aika a kira ni. Tun da abin ya fara bai ce mini komai ba, ana dai kawo mini tuwo kamar kullum. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Malama, a ƙarshen labarin nan, me ake yi mini?" Na ce, ranka ya daɗe, ba kai ba ne. Ya ce, "Na ji. Me ake yi masa?" Na gaya masa duka, har da ruwan. Sai ya ce ranar Juma'a bayan an sauko, in karanta babin a ƙofar gidansa, ya riga ya aika wa Garin Kolo su zo.

Ban san ko shi ya fasa jingar ba. Ban ga alamar komai a fuskarsa ba. Ka gaya mini yadda zan yi.

Saudatu

*

Hadejia

'Yata,

Salamun alaiki. Maganarki ta shayi ta same ni, kuma ba ki yi ƙarya ba. Na fita da niyyar zuwa, direbobi suka ce ruwa ya hau hanya, mota ba ta wucewa. Wannan takardar ma mai kwale-kwale zai ƙarasa da ita.

Ki karanta. Ki mayar wa kowa sunansa na asali, ko da harshenki zai karye. Ki tsaya inda kowa zai ga littafin a hannunki. In kin zo wurin wutar, kada ki ɗaga murya, kada ki yi sauri. Abu mafi muhimmanci: tsakanin wutar da dawowar ruwa akwai rabin shafi da babu rubutu. Kada ki numfasa a nan. Kada ki sha ruwa, kada ki ɗaga kai. In kika ba su wannan shirun, za su cika shi da kansu.

Ban san ko zai yi ba. Na yi shekaru ina cewa littafi ba ya cutar da wanda ya karanta shi har ƙarshe, amma ban taɓa gwada maganar a kan 'yar ƙanwata ba.

Allah ya kare ki.
Kawunki

*

Garin Bunu

Kawu,

Gaisuwa. Ina lafiya, gidan yana tsaye.

Na karanta da sunayensu na asali. Da farko an yi ta dariya, 'Yar'azumi ta ce sunan mai garin kamar atishawa. Da na shiga wutar dariya ta ɗauke, wasu matasa suka miƙe tsaye. Ban ɗaga kai ba, na tsallake farin shafin. Da ruwa ya shiga garin ƙasa, uwa tana neman tudu da yara a ka, na ji wata tsohuwa daga Garin Kolo tana salati. Waɗanda suka miƙe ban san sa'ad da suka zauna ba.

Da na rufe littafin, Adam ya ce, "Bulama, wa ya fasa jingar bara?" Bulama ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ruwa ya kusa bakinta yanzu. Zo mu je mu toshe, ka tambaye ni a can."

Sun tafi, gari biyu. Har yau suna can suna jera buhuna, kuma ban ji an ce ya tambaye shi ba. Man da aka saya a injin kwale-kwalen da ke ɗauko ƙasa ake zuba shi. Amma mai fetur ya ce akwai jarkar da bai ga an fito da ita ba.

Ina kwana a ɗakina. Kada ka aiko da wani littafi tukuna.

Ka gai da Iya.
'Yarka, Saudatu