Kunkurun Kwano da Albasar Kawu Arzika

Asabar, 16 ga Yuli, 1983

An ba da hutun makaranta. A-kori-kurar nan tawa ta zame mini ƙarfen ƙafa. Sai shan mai, ga fetur ya yi tsada, samunsa ma aiki ne.

Yau a hanyar Sifawa na miƙa hannu ta taga, iska ta ture shi baya. Da na kwantar da tafin, sai ta wuce sumul. Shekara tara ina koyar da kimiyya a Boɗinga, ban taɓa lura ba. Bayan motar a buɗe yake kamar akushi, iska na faɗawa ciki tana riƙe ta. In na yi mata murfi mai gangara, daga rufin direba zuwa ƙofar baya, iskar za ta zame ta wuce, shan mai ya ragu. Na zana a bayan takardar jarrabawa. Matata Safinatu ta duba, ta ce kunkuru na zana.

Laraba, 27 ga Yuli

Kwana huɗu muna aiki da Ɗanliti kafinta. Katako a ciki, kwanon rufi a waje. Duk inda na ga 'yar kafa sai na sa ya liƙe da kwalta. Ya ce, "Malam, akwatin ga ko ƙuda ba shi shiga." Na ce abin da nake so ke nan. Na ji daɗin maganar, har na ƙara masa goro.

Na yayyage tsohon zanen Safinatu na ɗaura tsummoki a jikin murfin don in ga yadda iska ke bi. Ba ta yi mini magana ba sai la'asar.

Talata, 9 ga Agusta

Ya yi! Sau uku ina zuwa Shagari in dawo, ina tsoma sanda a tanki ina yi mata shaida da wuƙa. Man da ke kai ni sau biyar yanzu zai kai ni shida. Tsummokin duk sun kwanta baya, ko ɗaya bai yi rawa ba.

A tasha sunan Kunkuru ya bi motar. Su yi ta dariya. Motocin 'yan siyasa na ta wucewa da lasifika suna ƙona mai a banza, ba wanda ya yi musu dariya.

Asabar, 27 ga Agusta

Na je gaida Kawu Arzika a Shagari. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Inna, da albasarsa na yi makarantar horon malamai. Na iske shi ya tsufa ƙwarai. Bayansa ya lanƙwashe saboda shekaru yana jan jigo, yana ɗebo ruwa guga-guga yana shayar da lambu. Bana ya ƙi sayar da albasarsa da rani, ya adana ta a rumfar kara wata biyar yana juya ta, yana jiran ta yi daraja. Buhu goma sha biyu. Burinsa ɗaya: ya sayi injin ban-ruwa ya huta da jigo.

Na ce ni zan kai masa ita Ilori da kaina, ba sai ya ba masu babbar mota ba. Ya zagaya Kunkuru sau biyu yana ƙwanƙwasa kwanon.

Ya ce, "Maniru, ina iska ka shiga?"

Na ce ai dabarar ke nan, ba ta shiga. Ga damina, ruwa ma ba zai taɓa kayan ba.

"Albasa mai rai ta. Numfashi takai kamar ni da kai. Ka huda mata tagogi."

Na ce to.

Lahadi, 4 ga Satumba

Ban huda ba. Na ɗauki guduma da ƙusa sau biyu ina ajiyewa. Rami ɗaya zai ɓata mini tafiyar iskar, kuma wannan ce doguwar tafiyar da za ta rufe bakin mutanen tasha. Kwana ɗaya da wuni ne kawai, me zai samu albasa?

Da muna lodi Kawu ya tambaya. Na ce na huda ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Ya dube ni, ya ce, "Madalla. Allah shi kai ka lafiya."

Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau. Ƙarama ce dai.

Laraba, 7 ga Satumba, Kontagora

Kwana biyu a layin mai. Wannan ban sa shi cikin lissafi ba. Da safe ruwa, da hantsi rana ta buɗe, kwanon ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Na buɗe ƙofar baya sau ɗaya, wani tururi mai ɗumi ya buge ni a fuska. Buhunan gaba ba za su sauko ba sai an sauke na baya, ga laka ko'ina, ga layi na matsawa. Na rufe. Na ce wa kaina gumi ne kawai.

Juma'a, 9 ga Satumba, Ilori

Tun kafin in buɗe, dillalin albasar da na samu a kasuwa ya toshe hanci. Bakatsine ne, dattijo. Ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin motar, baƙi, mai yauƙi. Muka zazzage buhu bayan buhu. In ka matsa ta sai yatsa ya nutse. Abin da muka tsince mai kyau bai cika buhu biyu ba.

Ya tambaye ni, "Wa ya ba ka shawarar rufe albasa a tukunya?"

Na ce ni malamin makaranta ne. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ya ce, "Ai na gani."

Na tsoma sanda a tanki saboda sabo. Na tsimi kusan galan huɗu. Na zauna a gefen kwata na yi kuka, ni da gemuna.

Litinin, 12 ga Satumba

Na so a ce Kawu ya zage ni. Na iske shi yana gyaran igiyar guga, na durƙusa na faɗa masa komai, har ƙaryar.

Ya ce, "Na sani. Ran da munka ɗora kaya na shafa ƙasan da hannuna, ban ji rami ko guda ba."

Na ce to Kawu me ya hana ka sauke kayanka?

"Na ce ɗan da na riƙa ba shi yi min ƙarya. Na ɗauka wani ilimi na, wanda ban sani ba."

Ya ci gaba da igiyarsa. Da zan tafi ya ce, "Sauka lafiya, Malam." Tun ina yaro Maniru yake ce mini. Bai taɓa kira na Malam ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Na wanke motar da toka da sabulu sau biyar. Har yanzu tana wari.

Talata, 25 ga Oktoba

A aji na koyar da numfashin tsirrai. Yana nan a littafi, shafi na arba'in, da hoto. Shekara tara ina karanta wa yara shi. Na ba su aikin rubutu na fita waje.

Safinatu ta ce in daina zama ni kaɗai ina cin raina, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta ce, "Abin da ka ci ma Kawu ba albasa ba ta, bayanshi na." Na yi fushi, don gaskiya ta faɗa.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Na je Shagari. Daga nesa na hango Kawu a bakin rijiyar lambu, an fara dashen bana. Ya ja jigo sau uku, ya tsaya ya dafa ƙugu, ya sake ja. Rabin ruwan ma yashi ke shanyewa kafin ya kai ga albasar. Da yanzu inji ne ke wannan aikin.

Na gaishe shi. "Lafiya lau, Malam. Ya makaranta?" Kamar baƙo. Na tuɓe riga na ce ya ba ni igiyar. Bai yi musu ba, bai kuma yi godiya ba. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo.

Lahadi, 1 ga Janairu, 1984

Tun jiya rediyo sai kiɗan soja, an ce an yi juyin mulki. Garin Shagari, mahaifar shugaban da aka kifar, ya yi tsit, mutane na magana ƙasa-ƙasa. Albasa dai ba ta san an yi ba, sai an ba ta ruwa.

Asabar da Lahadi bakwai ke nan ina jan jigo. Hannuna ya yi kanta, alli ma wani iri nake jin sa.

Makon jiya na sa Ɗanliti ya kwance murfin Kunkuru. Ba wai na sauka daga ra'ayina ba ne, lissafina daidai yake, galan huɗu ba wasa ba ne. Kwanon ne kawai nake bukata. Mun lanƙwasa shi ya zama kwararo daga bakin rijiya har cikin lambu, ruwa ya daina ɓata a yashi. Sandar awon mai kuwa ban san inda take ba, ina jin da ita muka tokare kwararon.

Yau rana ta take, ina cikin ja, Kawu na zaune a inuwar mangwaro yana kallon ruwan na gudu a kan kwanon. Ban ji lokacin da ya taso ba.

"Maniru, aje igiyar ga. Taho ka sha fura."

Na ce bari in ƙarasa layin nan. Na juya masa baya na ƙara jan guga biyu, don kada ya ga fuskata.