Faifan da ke Aljihuna

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya sake ɓata aiki. Allon kan gado na uku ke nan cikin mako guda: ganyen furen da yake yankawa ya karye, ƙasan katakon duk ya tsattsage. Ya daɗe yana jujjuya shi a hannu. Ni ina gefe ina guga da samfefa, aikin da nake yi masa shekara ashirin da biyu. Daɗi na ji, ba zan yi wa littafina ƙarya ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na gano matsalar. Da ya fita cin abincin rana na duba injin zarton. Ɗan faifan da ke tsakiyar teburin, wanda siririn bakin zarto ke bi ta cikinsa, ya cinye. Ramin da a da tsinke ke shiga da ƙyar, yanzu ɗan yatsana na shigewa. Katako ba shi da abin da zai tokare shi ta ƙasa, dole ya karye. Ashe ba hannunsa ba ne.

Shi kuwa ba zai taɓa dubawa ba. Tun ina ƙarami, in aiki ya lalace na ce injin ne, sai ya ce inji ba ya kuskure, hannuna ne na banza. A gaban masu saye yake faɗa. Har yau Dungu yake kirana, ni da nake da 'ya'ya huɗu.

Ban gaya masa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi sabon faifai da ɓallin falanki siriri. Na ɗora tsohon a kai na zana da fensir, na yanke, na yi ta guga har ya zauna daidai da teburin, ko farce ba ya kamawa. Na huda rami iyakar kaurin bakin zarto. Da na gwada, fure ya fita sumul, har jijiyar ganye.

Na jiyo tarinsa a bakin ƙofa. Na ɓalle sabon na jefa aljihu, na mayar da tsohon.

Asabar, 8 ga Maris

In zan yi yanka in sa nawa, in na tashi in mayar masa da nasa. Ba ya cin minti guda.

Talata, 11 ga Maris

Mai gadaje, wanda muke yi wa allunan, ya zo ɗauka. Ya ware guda biyu masu kyau ya ce waɗannan kam Baba ya yi ƙoƙari. Na ce ai nawa ne. Ya kalli tsohon, ya kalle ni, ya sosa ƙeya, ya ce to daga yau ni zan riƙa yanke masa, Baba ya ɗan huta.

Na miƙa wa Baba samfefa. Ya karɓa! Ya zauna a kan ƙaramin bencina, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa, yana guga. Na ce masa ya bi hankali da gefen, kada ya cinye mini ganye.

Juma'a, 14 ga Maris

Yaya ta kai shi wurin likitan ido, an canza masa tabarau. Ya dawo da zumuɗinsa, ya hau inji tun kafin ya cire hula. Ya karya biyu.

Laraba, 19 ga Maris

Yaya ta zo shago. Ita ce babbarmu, kuma ita kaɗai ke iya kallon idonsa ta yi magana. Ta ce likita ya ce idon ba laifi, hannun ma ba ya rawa, to ko injin ne ya tsufa? Baba da kansa ya daka mata tsawa, wai me ta sani a harkar inji.

Ta dage sai an gwada a gabanta. Ya yanka, ya karye. Na ce bari in hure ƙurar tebur, na tare da jikina, na sauya faifan. Katako ɗaya, zane ɗaya, na fitar da furen cif. Na sa masa a tafin hannu.

"Baba, ai kai ka koya mana. Inji ba ya kuskure."

Ya shafa furen da babban yatsa, ya juya ƙasansa, ya sake shafawa. Ya ce, "Haka ne."

Yaya ta bi ni waje ta ce ban da imani, ko gaskiya ce ai ba a gabanta zan faɗa ba. Na ce shi a gaban wa yake faɗa mini? Ta tafi tana share ido. Na ci abincina na ƙoshi.

Lahadi, 23 ga Maris

Ya aiko Yaya da makullin shago, da akwatin bakunan zartonsa waɗanda ko taɓawa ban isa in yi ba. Ta ajiye a kan tebur ta juya, ko gaisuwa.

Shago ya zama nawa. Na sa sabon faifai na bar shi a wurin. Na ɗaga kujerar injin daidai tsawona.

Alhamis, 27 ga Maris

Aiki na tafiya lafiya lau. Shiru dai ya yi yawa.

Asabar, 29 ga Maris

Na je gida. Ba don komai ba, aiki ne ya yi mini yawa, mai gadaje na matsa mini. Na same shi zaune a tsakar gida, hannuwan a kan cinya. Na ce ya zo ya yanke mini ko guda biyu ne, na gyara injin, ya gwada ya gani. Na so in ce... ban dai ce ba.

Ya girgiza kai. "Injin lafiyarsa ƙalau. Hannun ne ya tafi, kada in ɓata maka katako." Ya ce ya san ya matsa mini da ina tasowa, in yafe masa, kuma ya gode da na yi haƙuri da shi har wata guda yana yi mini ɓarna. Ya kira ni da sunana na gaskiya. Ya sa mini albarka mai tsawo, ni kuma ina durƙushe ina cewa amin.

Litinin, 31 ga Maris

Yau da tsohon faifan na yi aiki. Gwadawa kawai nake, in ga ko mutum zai iya in ya bi a hankali. Na karya huɗu kafin rana ta take. Baba shi uku yake karyawa a mako, sauran yana fitar da su haka nan, a kan wannan cinyayyen ramin.

Ban cire tsohon faifan ba tukuna.