Zane Biyu a Gorar Baffa

Litinin, 3 ga Maris

Motar Baffa ta daki gadar jirgin ƙasa yau da hantsi. Saman bodin ya yage kamar gwangwanin kifi. Ba wanda ya mutu. Shi dai ya bugu da sitiyari, kafaɗa ta karye. Babu kaya a motar, ya sauke yana hanyar dawowa.

Da aka bugo min da labarin na amsa wayar, na ce to, na ajiye. Na ƙarasa shan shayina. Ban san me ya sa na ƙarasa shi ba.

Talata, 4 ga Maris

Asibiti. A bakin ƙofa na tsaya, wai don ɗakin ya cika.

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ƙanin mahaifina, shi ya riƙe ni da babana ya rasu, shi ya sama min aikin ofis a kamfanin nan. Kullum Injiniya yake kirana don tsokana. Yau cewa ya yi, "Ka zo?" Na ce na zo. Iyakar hirar ke nan.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina zai daina juyi.

Watan jiya kamfani ya sayo manyan motoci biyu iri ɗaya, muna ce musu tagwaye. Manaja ya ce in sa musu na'urar nuna hanya. Direbobi Gwaggo suke ce mata, don muryar mace gare ta kuma ba ta gajiya da ba da umarni. Ba kamar ta waya ba ce. Sai ka shigar mata da tsawon motar, da faɗinta, da nauyinta, da tsayinta daga ƙasa zuwa sama, sannan ta riƙa kauce wa duk gadar da motar ba za ta shige ba.

Na hau tsani da tef na auna ta Baffa: mita 4.13. Na shigar a duka biyun. Na kuma rubuta a takarda da babban rubutu na manna a gilashin gaban kowacce.

Allon gadar 4.20 ya ce. Gwaggo ta ce wuce, takardata ta ce wuce, ya wuce.

Lissafi daidai yake. To me ya daki gada?

Juma'a, 7 ga Maris

Manaja ya ce na'ura ba ta ƙarya, ƙila tsoho ya raɓe gefe ne inda gadar ta fi yin ƙasa. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Kowa ya san sallama ce, kuma wanda aka sallama kan ya daki gada ba mai sake ba shi makullin mota.

Ya ce, "Yi haƙuri, na san baffanka ne." Na ce ba komai.

Asabar, 8 ga Maris

Na ga gorar Baffa yau a bayan ɗakin tayoyi, jingine da bango.

Da ita yake auna tsayin mota tun kafin in san hagu da dama. Ranar da na sa na'urar na yi masa dariya a gaban mutane, na ce, "Baffa, wannan zamanin da gora? Sai ka ce mai kakkaɓar mangwaro." Shi ma ya yi dariya, ya ce tunda Injiniya ya faɗa. Ashe nan ya ajiye ta.

Zane biyu ne a samanta da fenti, baƙi a ƙasa, ja a sama, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Na sha ganinsu, ban taɓa tambaya ba. Na tambayi bakanikenmu yana ƙarƙashin mota. Ko fitowa bai yi ba, ya ce, "Na tsohuwar motarsa ne. Baƙin in da kaya, jan in babu. Mota in ta sauke nauyi ai miƙewa take yi, kamar ɗan dako. Ba ka sani ba?"

Na ce na sani.

Ranar da na auna, motar cike take da buhunan taki, tana jiran tafiya. Har da buhu na dafa na hau tsanin.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban fita ba. Matata ta ce ko ba ni da lafiya ne. Na ce lafiya lau.

Litinin, 10 ga Maris

Na riga kowa zuwa gareji. 'Yar'uwar motar tana tsaye babu kaya. Na auna sau uku: 4.24.

Santimita goma sha ɗaya. Wayata ta fi haka tsawo.

Na shiga na gyara lambar a na'urar, na ɓare takardar gilashin na manna sabuwa. Minti biyar bai kai ba. Ba wanda ya gani. Direbanta ba zai daki komai ba yanzu, ai wannan ma wani abu ne.

Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji komai ba.

Talata, 11 ga Maris

An sallamo Baffa daga asibiti, yana gida. Matarsa ta tare ni a tsakar gida, ta ce tun da ya dawo bai kunna rediyo ba, mutumin da har banɗaki yake shiga da ita.

Na gaishe shi daga bakin ƙofa. Ya ce ranar Alhamis zai ce laifinsa ne. "Direban da ya ajiye gorarsa ai shi ya jawo wa kansa." Bango yake kallo yana faɗa.

Ya sani. Ban san tun yaushe ba, amma ya sani.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na sa takalmina.

Laraba, 12 ga Maris

In na yi shiru, shi ya riga ya ɗauki laifin. Ina da mata da yara biyu. Na rubuta wannan layin na zauna ina kallonsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ba a gayyace ni zaman ba. Na ɗauko gorar, ta ƙi shiga ƙofar ofis sai da na kwantar da ita, har ta ture kalandar manaja. Na nuna musu zanen biyu, na faɗi lambobin biyu, na faɗi abin da na yi ranar Litinin. Muryata kamar ta Gwaggo, ba hawa ba sauka.

An dakatar da ni mako biyu, sauran bayani sai na dawo. Shi Baffa makullinsa na jiransa in kafaɗa ta warke.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kai masa gorarsa. Faɗa ya rufe ni da shi. "Wa ya aike ka? Ni na gama nawa, kai ke da yara ƙanana." Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa.

Sai ya ce, "Nawa ka samu babu kaya?" Na faɗa masa. Ya ce, "To, Injiniya, nemo fenti. Hannu ɗaya gare ni yanzu, kai za ka zana na sabuwar motar."

Na ce to.

Sai da na dawo gida na lura yau a bakin gadonsa na zauna.