Sun Shafe Sunanta, Sun Bar Maganar Kitso

Assalamu alaikum Anti, ke da masu bibiyar shafinki. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya yanke min hukunci ya daure ya kai ƙarshe. Na san ban kyauta ba. Abin da ban sani ba shi ne ko na yi nadama.

Shekarata goma sha uku a London, muna zaune a Edmonton a gidan council, wato na ƙaramar hukuma, ni da maigidana da yara uku. Babbar 'yar fari ce, kuma sunan surukata ta ci. Kun san abin namu, ban taɓa kama sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", ba na jan ta a jiki a gaban mutane, in baƙo ya tambaya in ce 'yar yayata ce, a yi dariya a wuce. Haka aka raine ni, kuma ban taɓa shakkar son da uwata take min ba. Bara, wata Talata da hantsi, sai ga 'yan sanda biyu da ma'aikaciyar council a ƙofata, wai an kai rahoto ina wulaƙanta yarinya, ga kuma tabo a hannunta, tabon da dutsen guga ya yi mata. 'Yar sandan ta ce in faɗi sunan 'yata. Surukata na zaune a falo, ta zo ganin likita. Na kasa kama sunan a gabanta, ina kallo 'yar sandan ta rubuta wani abu a littafinta. Kwana goma sha ɗaya yarinyar nan ta yi a gidan wasu mutanen da ban sani ba kafin bincike ya wanke ni. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta gudu ɗaki.

Maigidana ya ce in bar wa Allah. Na ce to, amma a baki kawai. Ɗan jarida ne, a wurinsa na saba jin cewa a ƙasar nan doka ta ba mutum damar neman abin da 'yan sanda suka rubuta a kansa. Na cike fom ba da saninsa ba. Bayan wata guda takardun suka iso, an bi duk sunan da ba nawa ba an shafe shi da baƙi. Amma sun bar layi ɗaya: mai rahoton ta ce tana yi wa yarinyar kitso ranar Lahadi sai yarinyar ta fashe da kuka, tana cewa mamanta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Mutum ɗaya ce take taɓa kan 'yata a duk garin nan.

Bari in kira ta Larai. 'Yar unguwarmu ce tun daga gida. Ni na tarbo ta a filin jirgi da ta samu bizar aikin kula da tsofaffi, wata huɗu tana kwana a ɗakin yarana. Ita kanta ba ta kama sunan ɗanta na fari da ta baro wurin uwarta! In Baturiya ce ta yi, zan ce rashin sani ne. Larai fa? Me ya hana ta jawo ni gefe ta ce yarinya na kuka? A kwanakin nan goma sha ɗaya kullum sai ta kawo min kunu, ta riƙe hannuna tana cewa, "Yaya, Allah ya tona asirin duk wanda ya yi miki wannan." Ni kuma ina amsawa da amin.

Ban nuna mata komai ba. Ta taɓa ba ni labarin wata tsohuwa a gidan tsofaffin da take aiki a Camberwell, mai tofa mata abinci a fuska, har ta ce ran nan da haushi ya kama ta, ta riƙe mata hannu da ƙarfi. Na ɗauki waya na kira 'yan sanda, na mayar da riƙon hannu ya zama mari. Ƙarya na shirga, da sanina. Aka dakatar da ita, daga baya aka sallame ta, ga shi zamanta a ƙasar nan da aikin aka ɗaure shi. In ba ta samu wani ba cikin 'yan makonni, gida za ta koma, kuma wa zai ɗauke ta da wannan tabo a takardunta? Ranar da ta kira ni tana kuka, ba zan ɓoye muku ba, sanyi na ji a raina. Har shinkafa na ƙara.

Jiya ta zo, ta rame kamar ba ita ba. Ta ce, "Yaya, lauya ya ce in yi requesting file ɗina daga police. Ke ce kika iya Turancin fom, ki taimaka min ranar Asabar." Irin takardun da na nema ne ita ma za ta nema wurin 'yan sanda. Na ce Allah ya kai mu. Sai bayan ta fita na tuna abin da na faɗa a waya, cewa ita da bakinta ta gaya min a kicin ɗina. Za su shafe sunana, su bar mata kicin.

In na je na janye maganar, na amsa laifin yi wa hukuma ƙarya, ga sunana da ma yana wurinsu, ina tsoron a sake ɗauke min yarinya. In na yi shiru, Larai ta rasa komai, ɗanta ya rasa mai biya masa makaranta, alhali ita abin da ta ji ta faɗa, ni ce na yi ƙage. Duk da haka wata zuciyar tana ce min in cike mata fom ɗin da hannuna, in zauna kusa da ita ranar da za ta buɗe takardun, in ga fuskarta.

Asabar jibi ce. Jama'a, ni yanzu me zan yi?