Geron da ya riga na kowa nuna

Zuwa ga mai girma shugaban kwamitin da anka ɗora wa aikin kai kimiyya da sabbin dabaru ga manoman yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Burkusuma, ƙasar Sabon Birni. Na ji a rediyo kun sake zama kan tsarin da zai haɗa binciken masana da gonakin talakawa, daga nan har ƙetaren iyaka. Madalla. Sai dai ni wanga tsari ya riga ya shiga gonata tun bara, ga damina ta ƙarato, ban san yadda za ni yi da shuka ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Na ɗaya. Bara, kafin ruwan fari, malamin gona ya zo da sabon irin gero mai saurin nuna. Anka ce mutum guda za a ba a kowane ƙauye, ya yi gonar gwaji, saura su gani su koya. Ni anka zaɓa, har ina jin kaina wani ne. Ya ce kada in shuka irin gida kusa da shi don kada su gauraya. Na bi umurni, na ba sabon iri babbar gonata duka.

Na biyu. Ranka shi daɗe, ba za ni yi wa irinku ƙarya ba, iri ne na kirki. Geron maƙwabta na bununi, nawa ya cika da ƙwaya. Masu babur kan tsaya bakin hanya suna kallo. To, ashe tsuntsu ma yana kallo. Mu nan gero tare yake nuna, in tsuntsun nan jan-baki ya sauka sai ya ɗan taɓa kowa, kowa ya tsira da abinsa. Bara kuwa duk faɗin dajin nan babu gona mai ƙwaya sai tawa. Sunka taru a kanta kamar an yi masu shela, ni kaɗai na ciyar da su.

Na uku. Za ka ce mi ya hana a kore su? Da can mutanen gida kan yini a gona da gwangwani da majajjawa. Yau wa zai bar iyalinsa a daji har la'asar, da halin da muke ciki na 'yan bindiga? Ni da ƙanena munka yi ta fama, mu kaɗa nan su sauka can, rana na karkatawa mu gudo gida. Ranar girbi na kama zangarniya na murza, sai ƙaiƙayi. Wallahi zama na yi kan kunyar gona na yi kuka, da furfurata.

Na huɗu. Malamin gona bai sake dawowa ba. Ban ga laifinsa ba, hanyar ba ta biyuwa kullum. Na je Sabon Birni neman shawara, anka ce ana taro a Isa. Na je Isa, na tarar an watse. Sai a kasuwa na gamu da surukina da ke zaune cikin Nijar. Su ma an kai masu iri mai saurin nuna, amma garin duka anka ba, sunka shuka tare, tsuntsu ya rasa wanda zai ware. Haba, ranka shi daɗe! Tafiyar babur ce tsakaninmu. Kuna maganar haɗa kan ƙasashe, amma wanga ɗan labari bai ƙetaro iyaka ba sai a bakin suruki, bayan ɓarna ta auku.

Na biyar, kuma shi ya fi ci mani rai. Rumbuna ya ƙare tun tsakiyar rani. Irin gida da na ajiye, yunwa ta sa mun daka shi. Abin da ya rage ragowar irinku ne, shi ma don an shafa masa magani ya tsira daga turmi. Na roƙi maƙwabta mu raba mu shuka tare, sunka yi dariya, wai su ba su noma wa tsuntsu. Ban ji haushinsu ba, da idonsu sunka gani.

Don haka ina roƙo. In za ku sake raba iri, ku ba gari, kada ku ba mutum guda. Ku aiko wanda zai zauna da mutanenmu ya yi masu bayani, don ni maganata ta daina shiga. In zuwan ba zai yiwu ba, ku faɗa ta rediyo ko jinkirta shuka zai sa wanga iri ya nuna tare da na kowa, kuma jinkirin ya kai yaushe. Ba hatsi nake roƙo ba, amsa nake so.

Allah shi ja zamaninka, shi yi maka jagora, shi kawo mana zaman lafiya da damina mai albarka. Amma don Allah a hanzarta. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, kuma ƙasa in ta jiƙa ba ta jiran kwamiti. In ruwa ya riga amsarku, za ni ɗauki irinku in shuka ni kaɗai, ina sane da wanda nake shuka wa.

Wassalam.