Kilishin da Ya Raba Ni da Masauki a Bombay

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tura Ma'aikata Ƙaro Ilimi Ƙasashen Waje, Jalingo.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa cikin girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

"Anti, wannan zai isa ko in ƙara?" Da wannan tambayar Rifkatu ta tare ni ranar Asabar a Kasuwar Jalingo, rungume da ƙunshin kilishi mai girman filo. Rifkatu ’yar maƙwabtanmu ce a unguwar Majidaɗi, nas ce, tana cikin waɗanda kwamitinka zai tura Indiya kwas wata mai kamawa. Na tambaye ta na wane ne. Ta ce tsarabar matar da za ta sauke ta ce, haka aka ce musu a wurin bita. Idan ta kai kilishin nan, Yallaɓai, a waje za ta kwana. Na san haka domin ni aka fara aikawa da shi.

Na farko, maganar bita. Shekara biyu da suka wuce kwamitinka ya tura ni Bombay, wadda yanzu suka ce a riƙa kira Mumbai, in ƙaro ilimin haɗa magunguna. Jami'in da ya yi mana bita ba zan kama sunansa ba, yana da iyali. Ya ce Indiyawa mutanen kirki ne masu son baƙo, kuma ’yar mutunci ba ta shiga gidan mutane hannu rabbana. A kai musu abin da ba su da shi, wato kilishi. Na ɗaga hannu na ce na taɓa karantawa a jami'a cewa yawancinsu ba sa cin naman shanu. Ya yi dariya ya ce, "Malama, wannan ai mutanen ƙauye ne. Ni za ki gaya wa Indiya?" Daga baya na binciko inda ya san Indiyar. A sinima ne, layin gaba. Fasfo ma bai taɓa yi ba.

Na biyu, ranar da na sauka. Na naɗe kilishin cikin zannuwa don kada ’yan kwastan su ƙwace, kuma da sun ƙwace da sun yi mini gata. Jirgi ya sauka da safe ana tsuga ruwa. Mutane kuwa kamar an haɗa duk kasuwannin Taraba wuri guda an ce kowa ya yi sauri. Ban ga wanda ya tsaya rawa a cikin ruwan ba, ko da yake bitar ta sa na sa rai. Direban tasin da na shiga ya ɗora hannu a kan oda bai ɗauke ba, sai da muka iske wata ramammiyar saniya kwance a tsakiyar titi, da furanni a wuyanta. Motoci suka riƙa kewaye ta kamar shataletale. Direban ya taɓa goshinsa, ya wuce a hankali. Na kalli saniyar, na kalli jakata, na kwantar wa kaina hankali da cewa jami'in gwamnati ne ya ce halin ƙauye ne.

Mai masaukina tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a saman wani bene. Ta ba ni tawul na goge jiki, ta haɗa mini shayi mai citta, ta nuna mini ɗaki mai fanka da taga, kuma daga nan zuwa makaranta tafiyar ƙafa ce. Ta ce in riƙa kiran ta Mama. Ni kuma, ’yar mutunci, na kwance tsarabata a kicin ɗinta, kusa da lungun da take kunna fitila da turare don ibada. Ta ɗauki falle guda ta shinshina, ta ce da Turanci, "’Yata, wane ganye ne wannan mai ƙamshi haka?" Na gaya mata gaskiya.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye shi a hankali, ta tafi famfo ta yi ta wanke hannu hawaye na zuba. Ashe gidan ko ƙwai bai taɓa shiga ba. Ta ce ta san ba da gangan na yi ba, amma ba za ta iya haɗa kicin da ni ba. Ta taya ni rufe akwati, har ta ƙunsa mini alawa.

A gindin matakala na zauna kan akwatina na ci kilishin, shi ne abincin ranata na farko a Indiya. Kafin magariba makaranta ta samo mini gado a wani masaukin mata can bayan gari. Har na gama kwas ina shiga jirgin ƙasan da ake loda mutane kamar doya a motar Zing. Wannan na yafe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an sa na sa tsohuwa kuka a gidanta, bayan ta ba ni tawul.

Na uku, da na dawo na faɗi duk wannan a ofishinka. Aka yi dariya, aka ce za a duba. An duba kuwa, domin jami'in an ƙara masa girma, kuma har yau shi ke bita.

Roƙona ba shi da yawa. A bar waɗanda suka je suka dawo su yi wa masu tafiya bita, muna nan cikin gari, ba ma neman alawus. A riƙa tambayar masu masauki abin da ke shiga gidansu kafin a tura musu ’ya'yan mutane. A sake tara su Rifkatu kafin su tashi, don ita kaɗai na gamu da ita a kasuwa, sauran sun riga sun sayi nasu. Jami'in kuwa kada a kore shi, a dai bar shi da sinimarsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya kai matafiyanmu gidajen da za su karɓe su.

Rifkatu ta sayi atamfa da ƙwarya mai zane. Kilishin na karɓe, na kawo shi ofishinka ranar Litinin don mu yi maganar nan baki da baki. Sakatariyarka ta ce kana miting. Na ce to ga tsarabar Oga. Ta shinshina, ta ce "Useko," wato na gode da Fulatanci, ta shige da shi ta rufe ƙofa, na kama hanyar Majidaɗi. Na ji daɗi da na ga ya sami gidan da ake cin sa. Idan ya iso gare ka, ka ci kana karanta wannan.

Wassalam, tare da girmamawa,
Asma'u Bello, Majidaɗi, Jalingo.