Faifan bikinki ya tsaya a kan Mama

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Auwal da su Ummi. Ya Fatakwal, ya kuma ciwon bayan naki? Mu nan ƙalau muke.

Yaya, wani abu na yi, na kasa faɗa miki a waya. Tsohuwar kwamfutar Baba ta mutu, laftof ɗinsa kuma ba ta da wurin saka faifai. Shekaranjiya wani mai gyara daga Ƙofar Dumi ya zo ya ciro na'urar faifan daga cikin tsohuwar, ya haɗa ta da laftof ɗin da wani ɗan kebul, wai adafta, ya jona mata wuta daban. Tana kan tebur tsirara tana gurnani, amma ta yi aiki.

Muka saka faifan bikinki don mu ga Mama, Allah ya jiƙanta. Sai ga ta cikin leshinta ruwan toka, ta riƙe hannunki. Ta ce, "Hadiza, ki..." sai hoton ya tsaya cak. Sau huɗu Baba yana mayarwa baya. Mai gyaran ya ce faifan ne ya kakkarce.

Ni ce, Yaya. Na daɗe ina sa shi alama a littattafan soyayyata, don ina son walƙiyarsa. Da na faɗa wa Baba bai yi faɗa ba, tabaransa kawai ya cire ya goge.

Idan kina da wani kwafi, don Allah ki aiko. Idan babu, ki rubuto mini ƙarshen maganar, ke ce kika ji ta.

Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Nafisa